Kujerar da Jonah Ya Ƙera

Shekara goma sha ɗaya Jonah ya yi yana gyaran jiragen ruwa a wani kamfani da ke wajen Jaddaf, a bakin teku a ƙasar Larabawa, kafin jirgi ya faɗo masa. Ranar wata Talata ce, an ɗora jirgin wani attajiri a kan turaku ana kankare masa ciki, sai turke ɗaya ya goce. Da aka zaro Jonah daga ƙarƙashi yana magana ras, har yana tambayar ina takalminsa, amma daga ƙugu zuwa ƙasa bai sake jin komai ba.

Kamfanin bai sallame shi ba. Bayan ya fito daga asibiti aka sa shi a sito, yana zaune a keken guragu yana miƙa wa ma'aikata kusoshi da gam da sanfefa. Duk baƙon da ya zo zagaya wurin sai manaja, wani dogon Bature mai yawan murmushi, ya biyo da shi ta ƙofar siton ya ce, "Wannan namu ne, ba mu yar da shi ba." Jonah yakan yi murmushi shi ma, domin bizarsa da ta matarsa Louisa a hannun kamfanin suke.

Mutumin Numan ne, ɗan masunci. Tun yana shekara bakwai yake tuƙa kwalekwale a Binuwai, kuma abin da ya fi ci masa rai a zaman siton shi ne yana jin warin ruwan gishiri daga inda yake, amma shekara shida rabonsa da hawa kansa.

A duk kamfanin mutum ɗaya ne suke Hausa da shi, Injiniya Dikko, ɗan Funtuwa, wanda Jonah ya girme wa da kusan shekara goma sha biyar. Dikko ne mai zana jirage a ofishin sama. Kullum da azahar, in ya idar da salla, yakan sauko sito da ledar shinkafar biryani su ci tare, yana kiransa Yaya Jonah. In Louisa ta yi miyar kuka, da nasa kwanon ake tahowa.

Wata rana Dikko ya zo da babbar takarda a naɗe. Wata ƙungiyar masu tseren jiragen ruwa masu ƙyalle, waɗanda iska take turawa, ce ta ba kamfanin aikin ƙera ƙaramin jirgi na mutum ɗaya, wanda naƙasasshe zai iya tuƙawa, domin akwai gasar da za su shirya a watan Fabrairu. Ya shimfiɗa zanen a kan teburin yana ta bayani: an sa darma mai nauyi a ƙasan jirgin don kada ya kife, an jawo duk igiyoyin ƙyallen zuwa gaban matuƙi, ga sandar tuƙi a tsakanin cinyoyi.

Jonah ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗora yatsa a kan kujerar da aka kafe a tsakiyar jirgin.

"Wanda ya zana wannan, da ƙafafunsa yake tafiya."

"Ni na zana, Yaya Jonah."

"Ai na sani. Injiniya, in iska ta bugi ƙyalle jirgi ya karkata, me matuƙi yake yi?"

"Ya koma gefen da ya ɗaga, ya danne shi da nauyinsa."

"To ni fa? Ka ɗaure ni a tsakiya kamar buhun masara. Mai hannu ɗaya zai matsa gefe, mai ƙafar roba zai matsa gefe, ni kuma ina zaune ina kallon jirgina yana kwanciya."

Dikko ya sosa ƙeya ya ce duk irin waɗannan jiragen haka ake yin su, sai dai a sa inji mai batir ya riƙa tura kujerar, shi kuma inji dokar gasa ta hana.

Kwana huɗu maganar tana yawo a kan Jonah. A rana ta biyar wani lebura ya buɗe ƙofar siton, irin mai zamewa a kan ƙarfe, ya sake ta, ta gangara da kanta ta rufe saboda daɓen wurin ya ɗan karkace. Jonah ya sa shi ya sake buɗewa har sau uku, mutumin yana kallonsa kamar wanda ya taɓu.

Dabarar ba ta da wuya in an ji ta. A ɗora kujerar a kan ƙarfen da ya ratsa jirgin daga gefe zuwa gefe, a sa mata birki. Matuƙi yana zaune a gefen da ya ɗaga. In zai juya jirgin, sai ya saki birki tun jirgin yana karkace, kujerar ta gangara da shi ƙasa, ya damƙe birkin, sannan ya juya. Da zarar iska ta koma ɗaya fuskar ƙyallen, gefen da ya gangara shi ne zai zama na sama. Babu inji, babu batir, karkatar jirgin ce take yi masa aikin ƙafa.

Da ya zana wa Dikko a bayan kwalin kusoshi, Dikko ya ce, "Wallahi Yaya Jonah, shekara biyar na yi a jami'a ba a koya mini wannan ba."

Daga tarkacen bayan sito suka haɗa ta. Ƙarfen tsohuwar ƙofa, birkin keke da Jonah ya sayo a unguwarsu Satwa, mazauni na faiba, irin robar da ake jikin jirgi da ita, da ya zuba a kan siffar jikinsa. Louisa, wadda take ɗinki a shagon wani tela kusa da gidan da suke haya, ita ta ɗinka matashi da ɗamarar ƙirji, tana yi tana mita.

"Baban Felicity, jirgi ya cinye maka ƙafafu a kan tudu, yanzu kuma za ka kai masa sauran a cikin ruwa?"

Kujera ta farko ta zame da ƙarfi ta maka kafaɗarsa da bangon jirgin, ya yi mako guda ba ya iya ɗaga kofi. Ta biyu gishiri ya cinye birkin. Ta uku ta fitar masa da gyambo a ƙugu, bai sani ba sai da Louisa ta ga jini a wandonsa. Ta huɗu ce ta yi. Dikko yana nan duk tsawon lokacin, yana aune-aune, yana ɗaukar hoto, yana shigar da komai cikin kwamfuta.

Wata Asabar a cikin Oktoba aka sauke shi cikin jirgin da majanyi, kamar yadda ake sauke kaya. Ya ja igiya, ƙyallen ya cika, gadar katakon da ake ɗaure jirage ta fara ja da baya. Da ya fita bakin mashigar, iska ta kwantar da jirgin. Ya saki birki, ya ji kansa yana gangarawa, ya damƙe, ya tura sandar tuƙi. Jirgin ya juya, ya tsinci kansa a sama, ruwa yana gudu a ƙarƙashin gwiwar hannunsa. Ya yi ihu da yaren garinsu, abin da ya manta rabon da ya yi. Ya juya sau ashirin ko fiye ba don komai ba, sai da Dikko ya biyo shi da jirgin inji yana cewa, "Mu tafi, Yaya Jonah, ya isa haka, rana ta yi!"

Daga nan kowace Asabar yana kan ruwa. Hannayensa suka yi kanta, wuyansa ya yi baƙi. Da ƙungiyar ta nemi wanda zai tuƙa jirgin kamfanin a gasar, manaja da kansa ya ce Jonah ne. Dikko ya cike takardun, har da ta neman izinin kujerar, domin dokar gasar ta ce an yarda da duk abin da zai maye wa mutum abin da naƙasa ta ɗauke masa, amma ba a yarda da abin da zai ƙara wa jirgi gudu fiye da na sauran ba. Izini ya fito ba tare da wata matsala ba.

Jirage goma sha tara suka shiga, daga ƙasashe daban-daban, tsere shida cikin kwana uku. A na farko Jonah ya ruɗe da ƙarar ƙaho, ya tashi a makare, ya zo na bakwai. A na biyu ya zo na uku. Rana ta biyu iskar arewa ta taso, teku ya yi tudu-tudu, masu ƙafafu ma suna fama, shi kuwa ya ci duka biyun. Ya san ruwa, yana ganin iska tun tana nesa daga yadda fuskar ruwan take yin duhu, kuma wannan ba kujera ce ta koya masa ba. Rana ta uku ya zo na biyu, sannan na ɗaya. Ko da aka ɗago shi daga jirgin, kowa ya san kofin nasa ne.

Louisa ta roƙi tela ya ba ta ranar, ta zo cikin sabuwar atamfa, tana riƙe da waya tana nuna wa 'yarsu Felicity da ke makaranta a Yola. Tana cikin goge masa gishiri daga fuska wani jami'i ya zo ya ce ana nemansa a ɗakin alƙalai, kocin wanda ya zo na biyu ya shigar da ƙara a kan kujerar.

Jonah bai damu ba, tunda izini yana rubuce. Ya tura kekensa ya shiga da jiƙaƙƙun kaya, sanyin na'ura ya ratsa shi. Alƙalai uku suna bayan tebur. Dikko yana zaune a gefe, manaja a bayansa.

Kocin bai yi dogon bayani ba. Ya fito da wata takardar talla mai sheƙi, ya ce a rumfar kamfanin ya ɗauko ta da safe, ya ajiye a gaban alƙalai. Suka karanta, suka miƙo wa Jonah.

Hotonsa ne, an ɗauka daga baya, fuskarsa ba ta fito ba. A sama an rubuta da manyan baƙaƙe cewa wannan kujera tana sa jirgi ya fi na kowa sauri a kowace juyawa. A ƙasa kuma: ƙirƙirar Injiniya Dikko Abdulhakeem, mallakar kamfani, an yi mata rajista. Ya karanta layin sau biyu. Ya juya takardar ko akwai wani abu a baya. Lambar waya ce kawai.

Shugabar alƙalan, wata dattijuwa mai farin gashi, ta dubi Dikko.

"Kai ne ka ƙirƙiro ta?"

"Ni ne," in ji Dikko.

"A takardar neman izini ka rubuta cewa kujerar ba ta ƙara gudu. A nan kun rubuta tana ƙarawa. Wanne ne gaskiya?"

Jonah ya san amsar, kuma ya san Dikko ya sani. Tana ƙara masa gudu ne a kan wanda aka ɗaure a tsakiya, amma ba ta ba shi komai fiye da abin da mai ƙafafu yake yi da ƙafafunsa. Jimla biyu ce. Ya zuba wa Dikko ido yana jira. Manaja ya ɗan gyara zama, kujerarsa ta yi ƙara.

"Abin da ke cikin tallar shi ne sakamakon gwajinmu," in ji Dikko, idonsa a kan teburin.

"Injiniya," Jonah ya ce da Hausa, a hankali, "gaya musu da wa ka gwada. Kuma gaya musu wa ya ƙera ta."

Dikko bai ɗago ba.

Sai Jonah ya juya ga alƙalan ya yi musu bayani da Turancinsa na ma'aikata. Ya faɗi ƙofar sito, ya faɗi birkin keke, ya ce a ɗaure ƙafafun duk sauran matuƙan a tsakiyar jirgi in ana son adalci. Dattijuwar ta saurare shi har ƙarshe. Ta ce ta ji, kuma ba ta raina maganarsa ba, amma wanda ya ƙera kujera ba hurumin wannan ɗaki ba ne, kuma ba za su iya ƙaryata abin da mai ita ya tabbatar da bakinsa ba.

Minti goma suka yi. Aka soke sakamakonsa na tsere shidan gaba ɗaya.

A waje Louisa tana tsaye inda ya bar ta, Felicity tana kan waya har lokacin. Ya ce ta kashe. Ba su tsaya bikin ba da kofi ba. A cikin tasi, da suka shigo Satwa, Louisa ta ce, "Har miyata ya ci." Daga nan ta juya fuska wajen taga.

Ranar Litinin da azahar Dikko ya sauko sito da leda biyu. Ya ajiye ya tsaya, bai zauna ba.

"Yaya Jonah, ka bari in yi maka bayani. Duk abin da aka ƙera a harabar nan na kamfani ne, yana cikin kwantiraginka, yana cikin nawa. Wajen rajista kuma sun ce sai sunan mai takardar injiniya. Na kawo sunanka, manaja ya ce zai rikita abin."

"Yaushe aka yi rajistar?"

Dikko ya ce, "Disamba."

"Disamba. Ranar Kirsimeti a ɗakina ka yini."

"Na so in gaya maka."

"Ba suna ne ya dame ni ba a ɗakin can. Ka ci sunan, na bar maka. Kalma biyu na nema, ka ce da wa ka gwada."

"Akwai masu saye daga ƙasashe uku a wajen, Yaya Jonah. In na ce tallar ba haka take ba, shi ke nan, ni da aikina. Matata Mahfuza tana hanya, wata mai zuwa bizarta za ta fito. Me kake so in yi?"

Jonah ya dube shi. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne ya gane tsoron, irinsa ne yake sa shi yi wa baƙin manaja murmushi. Amma ganewar ba ta rage masa komai ba.

"Ɗauki abincinka," ya ce. "Ina da aiki."

Sokewar ta yi wa kamfanin rana. Labari ya bazu cewa akwai kujerar da aka hana a gasa saboda saurinta, oda ta riƙa shigowa. Aka naɗe jirgin da Jonah ya tuƙa aka sa a kwantena zuwa wani baje koli a Turai, Dikko ya bi shi. Ba wanda ya gaya wa Jonah, da ya leƙa rumfar da ake ajiye jirgin wata safiya sai ya tarar da turaku kawai.

Bayan wata uku kujerun farko da aka buga a masana'anta suka iso sito, fari tas, a cikin leda. Ya buɗe ɗaya. An yi musu kyau. Amma an cire maɓallin ɗamarar da Louisa ta ɗinka a tsakiyar ƙirji, mai babban zobe, an sa wani ƙaramin maɓalli a gefen ƙugu, wanda sai an matsa shi da yatsu biyu masu ƙarfi. Ya gwada da busasshen hannu, da ƙyar ya buɗe. Ya jiƙa hannunsa ya sake gwadawa, ya ƙi.

Kwana biyu ya yi bai gaya wa kowa a kamfanin ba. Louisa ta ce ya bar su, tunda su ne injiniyoyi, su gano da kansu. Shi ma zuciyarsa haka take gaya masa, har yana hango ranar da za a kira Dikko a tambaye shi. Amma kafin a kira Dikko sai wani ya kasa kwance kansa ruwa yana shigowa jirgi, kuma wannan wanin ba Dikko ba ne, ba manaja ba ne, mutum ne da aka sauke da majanyi. A rana ta uku ya rubuta gyaran a takarda, ya zana zoben, ya ba direban kamfani, Idris, ya hau da ita ofishin sama. A taron ƙarshen wata manaja ya yaba wa Dikko a gaban kowa saboda sa ido a kan lafiyar masu saye.

Kafaɗar da kujera ta farko ta buga ba ta taɓa warkewa sosai ba. Da lokacin zafi ya shigo ta fara hana shi tura keke, likita ya duba ya ce jijiya ta yage, kuma in yana son ya ci gaba da ɗaga kansa daga gado zuwa keke, to shi da jan igiya har abada.

A shekarar da ta biyo ƙungiyar ta sake duba dokarta, ta halatta kujerar ga duk wanda ƙafafunsa ba sa aiki. Jirage takwas suka shiga gasar da ita. Ranar Lahadi bayan sun dawo daga coci Louisa ta ci karo da bidiyon a waya, ta yi kamar za ta wuce, sai ya ce ta kawo. Wata matashiya ce ta ci, an nuna ta tana zagaya alamar ƙarshe, ana tafi, sannan aka nuna Dikko a kan gadar katako yana miƙa mata hannu.

Jonah ya mayar da bidiyon baya, ya sake kallon juyawar.

"Tana makara wajen sakin birki," ya ce. "Ba wanda ya nuna mata."

Ya miƙa wa Louisa wayar, ya ce ta miƙo masa man shafawa, kafaɗar ta fara.